Jikan Dogo da Babbar Ganga

Ni Dogo, sau uku ana haƙa mini kabari ana mayar da ƙasa ba ni a ciki. Na farko ƙyanda ce, ina ɗan shekara bakwai. Na biyu gamsheƙa ta sare ni a fadama, na kashe ta da hannun da ta sara, na rataya ta a wuya na dawo gida da ƙafata. Na uku bai fi shekara uku ba, da mutanen daji suka faɗa wa ƙauyenmu na bayan Bilbis. Kwana goma sha tara na yi a ɗaure, na kwance kaina na fito. Ban taɓa zama a aji ba, baƙin boko ko ɗaya ban sani ba, amma a tambayi duk wanda ya haura sittin tsakanin Tsafe da Bilbis wane ne Dogo mai garma. In ana gayya makaɗa biyu ake ɗauko mini, don guda ɗaya hannunsa mutuwa yake kafin in gama da gonar.

Yanzu kuwa a Tudun Wada nake, cikin Gusau, a wani kango da mai shi ya rufa rabi ya bar rabi. Gida tara ne mu a ciki, duk waɗanda daji ya koro. Ɗakina ɗaya ne, an raba shi da labulen buhu. Ni da jikana Mannir a gefe guda, uwarsa Zuwaira da ƙannensa mata biyu a ɗaya gefen. Ubansu, ɗana na fari, wanda bakina bai taɓa kama sunansa ba, a ƙofar rumbu suka harbe shi. Garmata tana ƙarƙashin gado ta yi tsatsa, gwiwoyina ma haka.

Watanmu na biyu a kangon na tarar da Mannir yana kaɗa jarkar ruwa da ƙirare biyu, yara sun kewaye shi. Na ƙwace ƙiraren na karya. Na gaya masa a gaban kowa cewa mu ake yi wa kiɗa, ba mu ke yi ba. Makaɗi da gidansa da zuriyarsa, yana bin bayan manomi yana jiran a jefa masa dami. Na rantse da Allah duk ranar da jinina ya rataya ganga, ba ni ba shi. Yaron ya miƙe. Ya ɗauki jarkar ya tafi ɗiban ruwa, na ɗauka magana ta ƙare.

Bana yana da shekara goma sha biyar, yana sakandare. Da kaka ta yi, maƙwabcinmu Salisu ya ce zai lallaɓa ƙauye ya yanko 'yar dawar da ya shuka a sace. Babu wanda ya san ranar tafiyarsa sai mu na cikin kangon. Ya tafi Lahadi da asuba, kafin hantsi mutanen daji sun ɗauke shi, a daidai gonar, kamar masu jiransa. Daga ranar kowa ya koma kallon kowa. Kalma ɗaya ce ke yawo a bakin mata da maza: infoma. Wani a cikinmu ne ke ba mutanen daji labari.

Ranar Talata ina zaune gindin mangwaron da muke majalisa, sai ga Sahabi. Shi ne babban samarin da ke yi mana gadi, tsohon ɗan sa-kai, mai tabon sara daga kunne zuwa haɓa. Ɗantsoho na biye da shi, sa'ana daga ƙauyen da ke kusa da namu, wanda na bari a baya a gayya ya fi sau ashirin, har yau bai yafe mini ba.

Sahabi ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce, "Baba Dogo, magana gare ni, amma ba ta daɗi ba ce."

Na ce, "Hwaɗi, yaro. Na sha wadda ta fi taka ɗaci."

"Ina Mannir ke zuwa in an tashi makaranta? Litinin, Laraba, Alhamis. Ba ya shigowa sai gab da magariba."

"Lesin. Karatu aka ƙara masu."

Ɗantsoho ya tsoma baki. "Sadiƙ ɗana ajinsu guda. Ya ce ba wani lesin. Ko jikan naka shi kaɗai anka zaɓa don ya fi kowa ƙwaƙwalwa, awa kakan nasa?"

Sahabi bai yi dariya ba. Ya ce akwai sabon farin takalmi da yaron ke ajewa a leda wurin mai shayi, bai taɓa shigowa da shi gida ba. Wa ya saya masa? Sannan ranar Asabar an gan shi cikin mota an miƙi hanyar Tsafe. Washegari aka ɗauki Salisu.

Ya ce, "Don girmanka na zo, Baba. Zuwa Juma'a. In ba mu ji inda yake zuwa ba, za mu ɗauke shi mu tambaye shi da kanmu."

Na san irin tambayar. Na ga wani da aka tambaya a Bilbis, har yau ba ya iya riƙe moɗa.

Da Mannir ya shigo na tsare shi a bakin ƙofa. Na ce ina yake zuwa. Ya ce lesin. Na daka masa tsawa, tsawar da a da ke tsayar da bijimi, ya sake cewa lesin, idonsa a ƙasa. Ban gaya masa abin da ake zarginsa da shi ba, bakina ya ƙi ɗaukar kalmar. Kuma, Allah ya yafe mini, da na ga ya ƙi duban idona sai ni ma zuciyata ta fara tambaya.

Laraba tun azahar na je na raɓe a inuwar wani shago daura da makarantarsu. Aka tashi, yara suka watso. Na gan shi ya biya wurin mai shayi, ya karɓi leda, ya yanki hanya. Na bi shi. Ni da na taka daga daji zuwa Tsafe ba takalmi, wai yau ɗan jikana ne ke neman kashe ni da tafiya. Ya ratsa lunguna, ya tsallaka titi tsakanin masu Keke Napep kamar kifi, ni kuwa sai da wata yarinya mai tallar gyaɗa ta riƙe mini hannu. Muna kaiwa tsohon layin dogo ya ɓace mini.

Na zauna bakin kwata ina haki. Na ce shi ke nan, Dogo, ka yi iyakarka. Ina nan zaune sai na ji ta a ƙirji kafin kunne ya ji. Dum. Dum. Dum-dum. Wanda aka yi wa kiɗa shekara arba'in ba ya ɓatan inda ganga take. Na tashi na bi ƙarar har bayan katangar wata firamare, inda bulo biyu suka zube, na leƙa.

Fili ne babba. Can ƙarshensa wasu na buga ƙwallo. Nan kusa kuwa yara ne sun kai arba'in, sun yi layi-layi, maza da 'yan mata masu hijabi, wasu na busa begila, wasu da ƙananan ganguna, irin kiɗan badujalar da 'yan sanda ke yi a fareti. Wani dattijo siriri mai usur a baki yana gabansu. A tsakiyarsu ga Mannir, farin takalmi a ƙafa, an ɗaura masa wata ƙatuwar ganga a ƙirji, ta kusa rufe masa fuska. In ya sauke hannu ƙafafu arba'in su sauka tare.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Abin da ya fara zo mini ba godiya ba ce. Kunya ce. Jikan Dogo, da ganga a wuya, a bainar jama'a. Na tsaya har ƙafata ta yi sanyi, sannan na juya na kama hanyar gida, ban yi masa magana ba.

Alhamis da safe, bayan ya tafi makaranta, na yi gyaran murya a bakin labule. Na ce, "Zuwaira, ki haɗa wa yaron nan kayansa. Gobe da asuba zan kai shi Bungudu wurin ƙanwata Husaina, ya zauna can."

Shekara goma sha bakwai tana gidana, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, ba ta taɓa mayar mini da magana ba. Sai na ji muryarta ta bayan buhu.

"Baba, ka gahwarce ni. Yau da sahe na gaida matar Salisu ta tohwar da miyau. Sannan na ji abin da aka cewa."

"To shi ya sa zan ɗauke shi."

"In ka ɗauke shi ka tabbatar masu. Har abada sunansa wanda ya sayar da Salisu. Kuma Bungudu ba Makka ba ce, Sahabi ya san hanya." Ta rage murya. "Ka ga inda yake zuwa, ko? Na ga yadda ka dawo jiya."

"Ke kin sani?"

"Ni na ce ya ɓoye maka, saboda rantsuwarka. In na hito na hwaɗa, cewa za su yi uwa ce, mi za ta ce. Kai za su ji."

Na ce, "Kina so in tsaya gaban Ɗantsoho in ce jikana makaɗi ne?"

Ta ce, "Baba, ubansa ya tahi. Wanga guda ya rage maka."

Na ji ta ci gaba da tankaɗe. Na zauna a kan gado har rana ta take, ina jin nauyin shekaruna duka a kafaɗa. Gara mini igiyar mutanen daji, ita dai na san ta inda ake kwance ta.

Bayan azahar na fita gindin mangwaro. Majalisa ta cika, Sahabi na jingine da katanga. Ban zauna ba.

Na ce, "Sahabi, na gano inda yaron ke zuwa."

"Ina, Baba?"

"Kiɗa."

"Mi?"

"Kiɗa yake koyo! Ganga! Ko in hau mangwaro in hwaɗa?"

Ɗantsoho ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. "La'ilaha illallahu! Dogo mai makaɗa biyu! Ashe na uku a ɗaki kake kiwonsa. Nawa za mu ba shi in an yi suna?"

Na ce, "Kai dai ko kyauta anka yi maka kiɗa, kuyya uku kake yi ka nemi inuwa."

Sahabi ya ce shi ba dariya ta kawo shi ba, sai ya gani da idonsa. Muka shiga Keke Napep mu uku, har da Ɗantsoho, wanda ya ce ko ana mutuwa ba zai bari wannan kallo ya wuce shi ba.

Mun tarar suna cikin yi. Mannir na hango ni hannunsa ya tsaya a sama, layin gaba ɗaya ya rikice, na baya suka hau na gaba. Dattijon nan ya busa usur ya nufo mu. Malam Yusha'u sunansa, tsohon ɗan sanda ne, mai busa begila, da ya aje aiki ya tara yaran makarantu daban-daban yana koya musu. Na gaya masa abin da ya kawo mu, a taƙaice. Fuskarsa ta canja.

Ya ce takalmin shi ya raba wa kowa, ga su nan a ƙafafun sauran. Ya ciro waya ya miƙa wa Sahabi. Ranar Asabar ɗin, in ji shi, gasar guje-guje ta makarantu aka yi a Kwatarkwashi, kan hanyar Tsafe, aka gayyace su su yi fareti. Na leƙa ta kafaɗar Sahabi. Ga dutsen Kwatarkwashi a baya, ga Mannir da gangarsa, gumi ya jiƙa shi. Malam ya ce daga hantsi har la'asar yaron bai bar gabansa ba, ko waya ba shi da ita, kuma mota ɗaya ta kai su ta dawo da su.

Sahabi ya kalli hoton sau biyu. Ya mayar da wayar. "To, ba shi ba ne." Bai ba kowa haƙuri ba. "Saura mu san ko wane ne."

Malam Yusha'u ya dubi tudun addar da ke ƙarƙashin rigar Sahabi, sannan ya dube ni. "Dattijo, ka kawo mini mai makami cikin yara. Gobe iyaye su ji, su kwashe 'ya'yansu. Wata nawa ina ba yaron nan takarda ya kai wa babbansa ya sa hannu, kullum sai ya ce kakansa ba shi da lafiya."

"Ni? Ban taɓa kwanciya asibiti ba!"

"To ga ka da lafiyarka. Ko ka sa hannu yau, ka kuma tsaya masa, duk mai tambaya ya tambaye ka can ba nan ba, ko ya aje mini gangata ya bi ka."

Mannir na tsaye gefe, gangar na rataye har yanzu, ya riƙe ta da hannu biyu kamar za a ƙwace. Bai roƙe ni ba. Da ya roƙa da ya fi mini sauƙi.

Na ce ban iya rubutu ba. Malam ya goga mini tawadar biro a babban yatsa, na dangwala. Ɗantsoho ya ce, "Allah ya sa alheri, Sarkin Makaɗa."

Su suka koma a Keke, ni na jira aka tashi, muka taho a ƙasa da yaron. A hanya na gaya masa abin da aka so yi masa washegari. Ya tsaya cak. Sannan ya ce, "Baba Salisu shi ya goyo Sa'adiya tun daga Tsafe." Ƙanwarsa ƙarama yake nufi. Muka ci gaba da tafiya.

Na ce, "To kai mi ka rasa da sai ganga? Ga ƙwallo can, ko banza ba a ce maka maroƙi."

"Ƙwallo sai mai takalminsa. Nan Malam ke bayarwa."

"Don takalmi ke nan?"

"A'a." Ya shuri wani dutse. "Baba Tsoho, in an tashi makaranta ina zan je? In na shiga ɗaki, Inna ta dube ni ta fara hawaye, wai tafiyata irin ta Baba ce. In na zauna majalisa, wane anka kashe, wane anka ɗauka, kai kuma kana ba da labarin macijin nan."

"Gamsheƙa ce, ba maciji kawai ba."

"Na sani, kullum tsawonta ƙaruwa yake. A makaranta 'yan gari ba su san sunana ba, ɗan gudun hijira suke cewa. Can kuwa ba mai tambayar daga ina ka hito. Rabi'a mai begila ubanta babban ma'aikaci ne, ita gudun wanke-wanke ya kawo ta, amma sai na buga take ɗaga ƙahwa. Ranar da na yi zazzaɓi ban je ba, Malam ya ce fareti bai yiwu ba. In na makara, nemana ake."

Na dafa kafaɗarsa, ba don wani abu ba, gwiwata ce ta ƙi.

Na tambayi liman hukuncin rantsuwata, ya ce tunda ba ni da abin ciyar da mutum goma, sai azumi uku. Na yi su a jere, cikin zafin nan, ba wanda ya ji na yi ƙorafi. Ɗantsoho har yau in ya hango ni sai ya kaɗa cikinsa da hannu biyu. Salisu bai dawo ba. Matarsa ta koma gaida Zuwaira, amma a taƙaice.

Ido kuwa da ya sauka daga kan Mannir bai koma gida ba, wani ya nema. Ya faɗa kan Haidar, ɗan Jummai bazawarar da ke ɗakin ƙarshe, yaro mai yawon tasha don ɗakinsu ko wurin miƙe ƙafa babu. Wata ranar Litinin ina ɗaura ɗankwalin gwiwa zan fita, sai ga Jummai ta jawo shi ta durƙusa.

"Baba Dogo, don Allah ka tahi da shi inda kake kai naka. Ko mi aka yi can, ya yi. A dai san inda yake."

Na ce ni ba makiyayi ba ne. Ta ƙi tashi. Muka tafi da shi. Malam Yusha'u ya gwada shi a ƙaramar ganga, ya ce kunnen yaron na katako ne, ya tura shi wurin masu ƙwallo, suka sa shi gola tunda nan ba a damu da takalmi ba. Bayan sati biyu wasu biyu suka ƙaru. Yanzu sau uku a sati nake taka hanyar nan, ni a baya su a gaba, in je in zauna kan wata tsohuwar taya tsakanin masu ganga da masu ƙwallo, rana na dukana, ina ƙirga kawuna kamar mai jiran awaki. Ba tsohon da zai iya wannan a Tudun Wada in ba ni ba. Amma na gaji, wallahi na gaji.

Jiya Laraba muna dawowa Sahabi ya tare ni a ƙofar kango. An sake ɗauke wani a hanyar Bilbis.

"Baba Dogo, ina Haidar yake yau da la'asar?"

"Yana gola. Huɗu anka zura masa, ina kallo. Je ka nemi wani."

Ya jinjina kai ya wuce. Na ga ya rage tafiya a ƙofar ɗaki na gaba, yana duban takalman da ke bakin ƙofa. Na shiga na ce Zuwaira ta ɗora mini ruwan zafi in gasa gwiwa, don gobe ma da fita.